Iskar da ta saki hanya a ƙirjin wani yaro mai asma

Yaron da tarihin ciwonsa

Yaro ne ɗan shekara 8, nauyinsa kilo 25, tsayinsa santimita 128. Tun yana shekara 5 aka tabbatar yana da asma, wadda wasu ke kira fuka. An rubuta masa inhela biyu. Shuɗiyar mai salbutamol ce, ta buɗe hanyoyin iska idan numfashi ya sarƙe. Mai ruwan ƙasar kuwa beklometason ce a ciki, ana shaƙa safe da yamma, aikinta kwantar da kumburin da ke cikin hanyoyin iskar ko da yaro na wasansa lafiya lau.

Wata 7 kafin kwanciyar asibitin da za a ba da labarinta a nan, mahaifiyarsa ta daina ba shi mai ruwan ƙasar. Ta ce ba ta ga tana yi masa komai a take ba, kuma tana tsoron kada jikinsa ya saba da ita. Shuɗiyar ce ta zama ta aljihu. A shekara guda ya ƙarar da gwangwani 4, kowanne mai fesa 200, alhali ƙa'idojin GINA, da ake bi wajen kula da asma a ƙasashe da dama, sun ɗauki gwangwani 3 ko fiye a shekara a matsayin alamar cewa ciwon na iya tashi da tsanani. Sau 2 aka kai shi ɗakin gaggawa a wannan shekarar, amma ba a taɓa ba shi gado ba. Kai tsaye yake fesa maganin a baki, babu sifesa, wato robar nan mai faɗin ciki da ake haɗawa da inhela don maganin ya isa huhu maimakon ya tsaya a harshe da maƙogwaro. Mahaifinsa na shan taba a cikin gida. Bai faɗi ba, ba a buge shi a ƙirji ba, kuma babu labarin ya shaƙe da wani abu.

Rana ta 1 zuwa ta 3: a gida

Mura ce ta fara, da ɗan zafin jiki. A rana ta 2 tari ya kama shi, ƙirji ya fara kuka. Aka ba shi maganin tari na ruwa da amoksisilin, ana yi masa fesa biyu na shuɗiyar duk awa 4, daga baya duk awa 2. Kowane fesa sauƙin ɗan lokaci yake kawowa.

Daren rana ta 3, wajen ƙarfe 11, tari ya turnuƙe shi kusan minti 5 ba tsayawa, har ya yi amai sau ɗaya. Da tarin ya lafa sai ya dafe tsakiyar ƙirjinsa ya ce, "Umma, wani abu ya soke ni nan." Zafin na hawa wuya da bayan kafaɗa, yana ƙaruwa idan ya ja dogon numfashi ko ya haɗiyi yawu. Ya ƙi kwanciya. A zaune ya kwana, ya ranƙwafa gaba.

Rana ta 4 da safe: ƙaramin asibiti

Da gari ya waye wuyansa ya kumbura ta gefe biyu, muryarsa na fita ta hanci. A gida an zaci hangum ne. Ƙarfe 9 aka kai shi wani ƙaramin asibiti. Da aka haɗa kumburin wuya da sarƙewar numfashi da amoksisilin ɗin da ya fara sha kwana 2 baya, sai aka ɗauka jikinsa ne ya ƙi maganin. Aka yi masa allurar adirenalin miligiram 0.3 a cinya, aka ba shi kulofenamin, maganin ƙaiƙayi da kumburin ƙin magani. Kukan ƙirjin ya ɗan ragu na rabin awa, domin adirenalin ma na buɗe hanyoyin iska, amma kumburin ko gezau. Babu ƙuraje a jikinsa, babu ƙaiƙayi, leɓe da harshe na nan yadda suke.

Aka miƙa masa ma'aunin ƙarfin numfashi ya hura sau 3. Mafi girman abin da ya kawo lita 100 ne a minti, yaro mai tsayinsa kuwa ana sa ran wajen 240, ke nan kashi 42 cikin 100. Bayan hurawa ta uku ya fashe da kuka saboda zafin ƙirji.

Wata nas ce, tana gyara masa igiyar takunkumin oksijin, ta ji fatar wuyansa na ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin yatsunta, kamar ana murza busasshen ganye a cikin leda. Ta bi da yatsa har saman ƙashin da ya miƙe daga wuya zuwa kafaɗa, duk haka. Kumburin ƙin magani ba ya wannan ƙara. Iska ce kwance a ƙarƙashin fata. Aka tura shi babban asibiti da oksijin a mota.

Rana ta 4, ƙarfe 2 na rana: ɗakin gaggawa

Awon farko: numfashi 42 a minti, bugun zuciya 148, oksijin ɗin jini kashi 89 idan an cire takunkumi, zafin jiki 37.4, awon jini 104/66. Ba ya iya kai jimla ƙarshe sai ya tsaya ya ja numfashi. Ga yaro da ya wuce shekara 5, numfashi sama da 30, bugun zuciya sama da 125 da oksijin ƙasa da kashi 92 kowannensu ya isa a ce asmar mai tsanani ce, shi kuwa ya haɗa duka. Kukan ƙirji ya cika gefe biyu, iska na shiga dama da hagu daidai wa daida, kuma maƙogwaron na tsakiya bai karkata ba.

Aka fara abin da ake yi wa duk mai asma irin wannan. Oksijin lita 6 a minti, ana neman ya tsaya tsakanin kashi 94 da 98. Salbutamol miligiram 5 da ipratropiyum maikrogiram 250 ta nebulaiza, na'urar da ke mayar da maganin ruwa hazo a shaƙa, wadda oksijin ke turawa, duk minti 20, sau 3. Da yake haɗiya na yi masa zafi kuma ya riga ya yi amai, sai aka ba shi haidrokotison, maganin kwantar da kumburin hanyoyin iska, miligiram 100 ta jijiya maimakon firednisolon na sha, a maimaita duk awa 6. Farasitamol miligiram 375 don zafi. An rubuta a takardarsa cewa kada a sake sa shi hura ma'auni, kada a bubbuga masa ƙirji don fitar da majina, kuma kada a ba shi iskar naitros oksaid ta kashe zafi, saboda tana shiga duk inda iska ta maƙale a jiki ta ƙara mata girma.

Ƙarfe 3 aka ɗauki hoton ƙirji ta gaba da ta gefe. A na gaba an ga siririn layi baƙi yana bin gefen hagu na zuciya, da wasu layuka suna hawa wuya. An kuma ga tantanin da ya raba ƙirji da ciki a miƙe tun daga dama har hagu ba yankewa, wanda a hoton mai lafiya zuciya ke rufe tsakiyarsa. Hoton gefe ya fi fito da abin fili: iska ce tsaye a bayan ƙashin ƙirji. Huhun biyu a buɗe suke har bango, babu ruwa a gindinsu. Wannan shi ne iskar tsakiyar ƙirji, numomediyastinum a bakin likitoci, haɗe da iskar ƙarƙashin fata.

Yadda iskar ke isa can sananne ne tun aikin Charles Macklin, masanin huhu ɗan Kanada, a 1939. A lokacin tashin asma hanyoyin iska na tsukewa, majina mai kauri na toshe wasu. Iska na samun shiga lokacin jan numfashi, domin a sa'ar hanyoyin na ɗan buɗewa, amma fita na gagararta, sai ƙananan jakunkunan iskar da ke ƙarshen hanyoyin su cika su yi tam. Tari mai ƙarfi ya zo a kan haka, wasu su fashe. Iskar da ta fita ba ta huda huhun ta waje. Rigar da ta naɗe jijiyoyin jini da bututun iska take bi, tana rarrafe har gindin huhu, ta faɗa filin da ke tsakanin huhun biyu, inda zuciya da manyan jijiyoyi da bututun abinci suke. Wannan fili a buɗe yake ta sama zuwa wuya, shi ya sa iskar ke hawa can ta bazu a ƙarƙashin fata. Hawan nata wuya ma sauƙi ne ga zuciya, don ta nan matsin ke sacewa.

An saurari ƙirjin ana neman ƙarar nan ta ƙurus-ƙurus da ke tafiya tare da bugun zuciya, wadda Louis Hamman na asibitin Johns Hopkins a Amurka ya bayyana, har ake kiranta da sunansa. Ba a ji ta ba a ranar, kukan asma ya rufe komai. Sai washegari aka ji ta, da aka kwantar da shi ta gefen hagu.

Maganar bututun abinci

Amai, zafin ƙirji da iskar ƙarƙashin fata su ne alamomi uku da ake koyar da ɗalibai na yagewar bututun abinci, ciwon da Herman Boerhaave ya bayyana a 1724, wanda ke kisa idan an yi jinkiri. Don haka aka hana shi ci da sha na ɗan lokaci, aka sake bin labarin daga bakin mahaifiyar. Tari ne ya riga amai, aman kuma sau ɗaya ne, ba mai yunƙuri ba. Awa 16 bayan faruwar abin babu zazzaɓi, babu ruwa a gindin huhun hagu, gwajin CRP, awon jinin da ke nuna kumburi a jiki, ɗan kaɗan ya hau, cikinsa kuma a sake yake. Wanda bututun abincinsa ya yage tsawon wannan lokaci ba haka yake kasancewa ba. Ba a yi hoton haɗiyar ruwan gwaji ba, aka dakatar da amoksisilin, aka bar shi ya fara kurɓar ruwa da yamma.

Rana ta 4, ƙarfe 4 na yamma zuwa 10 na dare

Bayan nebulaiza uku oksijin ya kai kashi 93, numfashi 38, amma har yanzu yana jan ƙirji da wuya. Ƙarfe 4 aka ɗaura masa maganiziyam salfet, wanda shi ma ke sassauta hanyoyin iska, giram 1 ta jijiya, wato miligiram 40 a kowane kilo, a cikin minti 20, ana duba awon jini saboda yana iya saukar da shi. Ya samu sauƙi na kamar awa 3. Aka ci gaba da salbutamol miligiram 5 duk rabin awa zuwa awa guda. Kafin ya bar ɗakin gaggawa an zana iyakar kumburin a fatarsa da biro, a gindin muƙamuƙi ta sama da kan nono ta ƙasa, don masu karɓar aiki su san ko yana yaɗuwa.

Ƙarfe 10 na dare numfashi ya koma 46, bugun zuciya 160, hannuwansa na rawa, ya gaji. Gwajin jini ya nuna pH, ma'aunin tsamin jini, 7.32, kabon dayoksaid milimita 42, laktet, wani sinadari mai tsami da ke taruwa a jini, 4.1, fotasiyam 3.1. Kabon dayoksaid 42 lafiya ne ga mutumin da ke zaune yana hutawa, domin ma'auninsa 35 zuwa 45 ne. Ga yaron da ke numfashi 46 a minti kuwa kamata ya yi ya faɗi ƙasa sosai, dawowarsa daidai na nufin ƙarfinsa na ƙarewa. A gefe guda, laktet mai yawa da ƙarancin fotasiyam da rawar hannu sanannun ayyukan salbutamol ne idan ya yi yawa, kuma laktet ɗin kansa na sa haki. Kukan ƙirjin ya ragu a kan na rana. Kumburin bai tsallake layin biro ba.

Likitocin dare suka yanke a taimaka masa da injin tura iska ta takunkumi, BiPAP, da matsi 10 wajen jan numfashi da 5 wajen fitarwa, don kauce wa zura masa bututu a maƙogwaro. Ba a sake ɗaukar hoto kafin a fara ba. Ƙarfe 10 da minti 20 aka kunna.

Ƙarfe 11 da minti 10: huhun dama ya danne

Minti 20 na farko kamar abin ya karɓe shi, numfashi ya sauka zuwa 40. Daga nan kumburin ya tsallake layin biro. Ya hau kumatu, ya rufe fatar ido, ya gangara har ciki. Minti 50 da kunna injin oksijin ya faɗi zuwa kashi 84, bugun zuciya 172, awon jini 82/50. Gefen dama na ƙirji ya daina motsi, ba a jin shigar iska a can. An nemi maƙogwaro a ji ko ya karkata, kumburi ya hana yatsa isa. An ɗora na'urar sikanin a ƙirji, ita ma ba ta nuna komai ba, domin sautinta ba ya ratsa iskar da ke ƙarƙashin fata.

Abin da ya faru shi ne iska ta fasa tantanin da ya raba tsakiyar ƙirji da kogon huhu, ko kuma wata jaka ta fashe a bayan huhun kai tsaye, ta taru tsakanin huhu da bangon ƙirji. Wannan shi ne numotoraks. Idan kowane numfashi na ƙara iska a wurin ba ta fita, sai ta murƙushe huhun, ta ture zuciya, ta matse manyan jijiyoyin da ke dawo da jini. Faɗuwar awon jini ita ce shaidar an kai nan, kuma ba a jiran hoto.

Aka cire injin, aka mayar da takunkumi mai jaka da oksijin lita 15. Aka soka kanula, wato allura mai rigar roba, tsakanin haƙarƙari na 2 da na 3 a gaban ƙirjin dama, daidai tsakiyar ƙashin wuya, ta saman haƙarƙarin ƙasa don kauce wa jijiyoyin da ke bin ƙarƙashin kowane haƙarƙari. Iska kaɗan ta fito, yaron bai canza ba. Fatar ta yi kauri da iska, kanular ba ta isa kogon ba, abin da ya fito na ƙarƙashin fata ne. Aka ɗauko mai tsawo, aka haɗa ta da sirinji mai ɗan ruwa a ciki, aka danne fatar da yatsu biyu har aka ji ƙashi, aka shiga ta gefen ƙirji tsakanin haƙarƙari na 4 da na 5, gaban tsakiyar hammata kaɗan. Kumfa ta taso a sirinjin ɓul-ɓul ba tsayawa, da aka cire shi iska ta fito da ƙara, fuuu. Cikin minti 2 oksijin ya koma kashi 92, awon jini 98/60.

Kanula ta ɗan lokaci ce, tana lanƙwashewa ko ta zame. Aka ba shi ketamin miligiram 25 ta jijiya, wanda aka zaɓa saboda ba ya danne numfashi kamar wasu kuma yana buɗe hanyoyin iska, aka kashe wurin da lidoken, aka zura siririn bututun ƙirji mai lamba 12 a wannan gefen, aka ɗinke shi da fata. Ɗaya bakin ya tafi kwalba mai ruwa, kansa nutse santimita 2 a ciki, kwalbar kuma a ƙasa da ƙirjinsa kullum. Ruwan ne ƙofar: iska ta fita, ba ta dawowa. Hoton ƙarfe 12 da rabi ya nuna huhun dama ya buɗe saura kaɗan a sama, kuma duk ramukan bututun na ciki. An duba wannan da gangan, domin idan rami ɗaya ya tsaya a cikin nama, bututun da kansa zai riƙa hura iska ƙarƙashin fata.

An gargaɗi masu jinya kada a matse bututun da maƙalli muddin yana kumfa, ko da za a motsa yaron, kuma kada a ɗaga kwalbar sama da gado.

Rana ta 5: rage magani da hoton CT

Da asuba aka mayar da salbutamol duk awa 2, aka ƙara fotasiyam a cikin ƙarin ruwa. Zuwa azahar laktet ya sauka 2.2, bugun zuciya 128, numfashi 32, ba tare da kukan ƙirji ya ƙaru ba. Fuskarsa na nan a kumbure, idanu a rufe, abin da ya fi tayar wa mahaifiyar hankali ke nan. Likita ya danna fatar idon a hankali da yatsa, iskar ta matsa gefe, yaron ya buɗe ido ya gan ta. Likitan ya ce mata, "Mama, kumburin nan da kike gani ba shi ne ke hana shi numfashi ba, jiki zai shanye shi. Kwalbar nan da ƙirjinsa muke kallo." Ba a tsaga fatar ba, ba a soka mata allurai don fitar da iska ba.

Da yamma kwalbar na kumfa da kowane numfashi, yaron kuma ya fara kukan zafi a tsakanin kafaɗu. Saboda haka, da kuma son a tabbatar babu tsagewa a babban bututun iska ko wani abu da ya shaƙa ba a sani ba, aka yi hoton CT. Ya nuna iska na bin jijiyoyin huhun dama zuwa gindinsa, daidai hanyar da Macklin ya bayyana. Babu tsagewa a bututun iska, babu ruwa ko ƙazanta kusa da bututun abinci, babu baƙon abu. Majina ta toshe reshen tsakiya na huhun dama, sashen ya lotse. Sai wani abin da ba a nema ba: siririyar iska a cikin ramin ƙashin baya, daga gindin wuya zuwa tsakanin kafaɗu, a wajen rigar da ta naɗe laka. Takan shiga ne ta ƙananan ƙofofin da jijiyoyi ke fitowa daga ƙashin baya, domin babu shinge tsakaninsu da bayan tsakiyar ƙirji. Ba kasafai ake ganinta ba, kuma galibi a hoton CT ake tsintarta kamar haka. Aka gwada ƙarfin hannuwa da ƙafafu, jin taɓi, fitsari da bayan gida, duk lafiya. Aka sa a maimaita gwajin duk awa 4, ba a yi mata wani abu ba.

Rana ta 6 zuwa ta 10

Rana ta 6 aka bar nebulaiza aka koma inhela da sifesa, fesa 10 duk awa 3, ɗaya bayan ɗaya, yana jan numfashi 5 a hankali bayan kowane fesa. Aka mayar da shi firednisolon miligiram 30 na sha, aka dawo da beklometason. Kumfa ta koma sai ya yi tari. Oksijin lita 1 ta hanci ya ishe shi.

Rana ta 7 kumfa ta tsaya, aka cire oksijin, yana riƙe kashi 96. Sashen da ya lotse ya buɗe da kansa bayan ya yi kakin majina mai kauri. Rana ta 8, bayan awa 24 babu kumfa kuma hoto ya nuna huhun a manne da bango, aka zare bututun yana fitar da numfashi, aka rufe wurin nan take. Hoton awa 4 bayan haka bai nuna iska ta dawo ba. Fuska ta saɓe, sauran ƙaras-ƙaras kaɗan a gindin wuya.

Rana ta 10 aka sallame shi da beklometason maikrogiram 100 safe da yamma ta sifesa, da kurkure baki bayan kowace shaƙa, da rubutaccen tsarin abin da za a yi idan ciwon ya tashi. An sa shi ya nuna yadda yake shaƙa a gaban nas har sau 2. An hana shi guje-guje, ɗaukar kaya mai nauyi da hura balan-balan har sai an sake ganinsa. Jirgin sama sai aƙalla kwana 7 bayan hoto ya nuna iskar ta tafi gaba ɗaya, domin iskar da ta maƙale na faɗaɗa idan an yi sama. Nutso mai zurfi da tukunyar iska kuwa an ce ya bar shi, ko ya girma, sai likitan huhu ya duba. An yi wa mahaifin maganar taba.

Bayan sallama

Mako 2: hoto fes, babu iska a ko'ina, babu zafin baya. Mako 6: aka yi gwajin hura numfashi karon farko tun ranar ƙaramin asibiti, abin da yake fitarwa a daƙiƙar farko ya ƙaru da fiye da kashi 12 bayan salbutamol, wanda ya sake tabbatar da asma. Wata 6: bai koma ɗakin gaggawa ba, gwangwanin shuɗiyar da aka ba shi ranar sallama bai ƙare ba, iskar ba ta sake fita ba.

Hukunci

Iska ta shiga wuri huɗu a jikin yaron nan: tsakiyar ƙirji, ƙarƙashin fata, ramin ƙashin baya da kogon huhu. Ta kogon huhu ce kawai ta buƙaci allura da bututu. Sauran ukun jiki ya shanye su da zarar hanyoyin iska sun buɗe, matsin da ke hura su ya faɗi. Wanda ya fi ban tsoro a ido, kumburin fuska, shi ne mafi ƙarancin haɗari a cikinsu.

Allurar adirenalin ta farko ba abin zargi ba ce sosai. Wanda ya zaci jiki ne ya ƙi magani har numfashi ya sarƙe, gara ya yi ta da ya tsaya shakka. Abin da ya ɓace a wurin shi ne hannu: da an taɓa wuyan tun shigowarsa, da an gane, kuma da ba a sa shi hura ma'auni da iyakar ƙarfinsa sau 3 a kan huhu mai yoyo ba. Yaro mai asma da ya zo da zafin ƙirji na farat ɗaya, ciwon wuya, zafin haɗiya ko canjin murya, lalube wuyansa bai kai daƙiƙa 10 ba.

Shawarar ƙarfe 10 ta fi wuya, kuma masu ita na da hujja, domin kabon dayoksaid 42 a yaron da ya gaji ba abin wasa ba ne, injin numfashi ta bututu kuma ya fi BiPAP tura iska da ƙarfi. Sai dai abu biyu sun auku tare. An karanta hakin duka a matsayin asma, alhali kukan ƙirji na raguwa, laktet na hawa, kuma saukar numfashin washegari bayan rage salbutamol ta nuna maganin na da nasa kaso. Sannan an tura iska da matsi cikin ƙirjin da aka san yana yoyo, bisa hoton da ya yi awa 7 da ɗauka. Idan har babu makawa sai an yi, to a sake hoto tukuna, a fara da mafi ƙarancin matsi, kayan bututun ƙirji na buɗe a gefen gado, mutum guda kuma na tsaye yana kallon layin biro. Kumburin ya tsallake layin kusan rabin awa kafin awon jini ya faɗi, kuma a wannan rabin awar injin na kunne.

Rashin yin hoton haɗiya daidai ne, labarin da awon sun wadatar. Hoton CT bai canza magani ko ɗaya ba, amma kumfar da ta ƙi tsayawa da sabon zafin baya sun ba shi dalili a nan. Ga yaron da iskarsa ta tsaya a tsakiyar ƙirji yana kuma samun sauƙi, hoton gaba da na gefe sun isa, ba sai an ɗora masa hasken CT ba. Kanular farko ta gaza ne saboda an zaɓi tsawonta da ƙirjin yaro ɗan shekara 8 a rai, alhali ƙirjin da ke gabansu ya ƙara kauri da iska.

Fashewar kanta ta faru ne daren rana ta 3, a gida, kafin kowane likita ya gan shi, a cikin hanyoyin iskar da suka yi wata 7 babu maganin kumburi, ana bin su da fesa biyu-biyu da yawancin maganinsu ba ya wuce maƙogwaro. A duk ziyarar ɗakin gaggawa 2 da ya yi a shekarar, takardunsa ba su nuna an tambayi ina inhela mai ruwan ƙasa take ba.